Yadda ake nemo hanyar shiga hamada da mota daga Agadas, a je a dawo a yini ɗaya

Tambayar nan ta yi yawa, musamman daga 'yan uwanmu na Kano da Katsina da Damagaram waɗanda Allah ya hore wa Hilux ko Land Cruiser suna ta ganin bidiyon mutane suna wasa da mota a tudun rairayi: ta ina ake farawa, a ina ake samun hanyar, kuma zai yiwu mutum ya fita da safe ya dawo ya kwana a gari? Zai yiwu, ga yadda ake yi daki-daki. Na ɗauki Agadas ne saboda nan ce ƙofar duwatsun Abzin da hamadar Tenere kuma Hausa ake ji a kasuwa da tasha, ba za ka sha wahalar tambaya ba. Amma tun yanzu ka riƙe abu ɗaya, hanyar hamada a bakin mutane take, waya da taswira na tabbatarwa ne kawai.

1. Fara da labarin tsaro

Kafin ka duba taya ko ka sayi mai, ka fara sanin ko an yarda a bi inda kake son zuwa a wannan satin, ba a watan jiya ba. Jihar Agadas tana da 'yan fashi a wasu hanyoyin, tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 motoci suka yawaita a daji, masu neman halal da waɗanda ba halal ba, kuma a 2025 an sace Turawa a cikin garin Agadas ɗin kansa. Saboda haka da ka sauka ka je wajen jandarmomi ka gabatar da kanka, ka faɗi inda za ka, mutum nawa ne, lambar mota, da lokacin da kake sa ran dawowa. Su za su gaya maka ko hanyar tana buƙatar rakiyar sojoji ko takardar izini. In akwai baƙon ƙasar waje a cikinku, Bature ko ɗan Sin ko Balarabe, to maganar rakiya kusan dole ce kar ma ka tsaya jayayya.

In daga Najeriya za ka taso, hanyar da aka fi bi ita ce Daura, Kwangwalam, Matamai, Damagaram, Tanut, Adarbisanat sai Agadas, daga Damagaram kawai wajen kilomita 450 ne. Takardun mota da inshora da lasisi su zama na asali ba hoto a waya ba, kuma tunda Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 ka kira wani direba da ya tsallaka kwanan nan ya faɗa maka abin da ake tambaya a boda yanzu.

Hattara: kar ka ɗauki hoton shinge ko barikin soja ko filin jirgi, kuma wannan ƙaramin jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi ka bar shi a gida, zai jawo maka abin da zai cinye maka yinin gaba ɗaya ko fiye.

2. Zaɓi lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokaci. Da rana zafi da sauƙi, da asuba kuma sanyi ne mai shiga ƙashi sai ka tafi da rigar sanyi. Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, injin mota yana wahala mutum ma yana wahala. Yuli zuwa Satumba damina ce, kuma kar ka ce ai hamada ce ina ruwan yake, ruwa yana sauka a kan duwatsun Abzin inda ba ka gani sai kawai kori, wato busasshen rafi, ya taho da ƙarfinsa, a Satumban 2009 korin Telwa ya yi ambaliya ya rusa unguwanni a cikin Agadas. In hunturu ya taso da ƙura har ba ka hango dutsen da ke gabanka, ka ɗaga tafiyar zuwa gobe, ba abin da za ka gani dama.

3. Ware wuraren da yini ɗaya ke ɗauka

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, suna auna nisa da kilomita. A daji da awa ake aunawa. Kilomita 40 a cikin duwatsu da yashin kori za su iya cin awa biyu, a kwalta kuwa rabin awa ce.

In karon farko ne ka fara da Azel, tana nan kusa arewa maso gabas da gari a bakin korin Telwa, akwai lambuna da itacen goruba da yashi mai laushi daidai na koyo, in ma ka kafe mutane na kusa. Daga nan in hannunka ya faɗa sai Dabaga, wajen kilomita 45, hanyar da motocin albasa da tumatir ke bi suna saukowa daga lambunan Abzin, ka ga ba za ka rasa wanda zai wuce ba in wani abu ya faru. Akwai Tafadek a ƙasar Cirozerin inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa mutane suna zuwa wanka don ciwon jiki, hanyarta akwai duwatsu sosai, taya ce ke shan wuya. Sai Dabus, wajen kilomita 110 a hanyar Arlit, ka sauka daga babbar hanya ka ɗan shiga daji kaɗan, nan ne aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse tun shekaru dubbai, babban ya fi mita 5 tsawo, ana ganin zanen jikinsa ɗaya bayan ɗaya kamar jiya aka gama. Wanda ke ajiye a filin jirgin Agadas kwafinsa ne aka zuba da ƙarfe. A ganina in mutum wuri ɗaya kawai zai je to Dabus ne, wallahi in ka tsaya a gefensa da hantsi hasken rana na bugun dutsen ta gefe sai jikinka ya yi sanyi. Ta kudu kuma a hanyar Damagaram akwai gangaren dutsen Tigidit, ta yamma akwai Ingal garin dabino inda makiyaya ke taron lasar gishiri a watan Satumba.

Hattara: Timiya da Iferwan da wurin Bishiyar Tenere da Bilma ba tafiyar yini ɗaya ba ce, duk wanda ya ce maka za ku je ku dawo yau to ko bai taɓa zuwa ba ko kuɗinka yake so. Sannan filin laka da ke arewacin Ingal wajen Tegidda in ruwa ya taɓa shi ko kat-kat, wato mota mai ja da taya huɗu, ba ta fita.

4. Nemo hanyar a bakin mutane

Ka ware yini guda kafin tafiya don wannan aikin kawai. Ka je tashar da motocin ƙauyen da kake so suke lodi, ka sami direba ba yaron mota ba, ka yi sallama ka zauna a sha shayi, kar ka tsaya a tsaye kana jefa tambaya kamar ɗan sanda. Abin da za ka tambaya: yaushe rabonka da hanyar, awa nawa take ci da mota mara kaya, ina ake sauka daga kwalta kuma wace alama ce a wurin, ina ne yashi ya fi laushi, kori nawa ake tsallakewa, ina hanya ta rabu biyu kuma wacce ake bi, ina rijiya, ina sabis ɗin waya yake ɗaukewa kuma a wane tudu yake dawowa. Ka rubuta a takarda. Sannan ka je ka tambayi mutum na biyu da na uku daban, bakanike a gareji ko mai sayar da albasa da ya sauko jiya, in maganarsu ta zo ɗaya to ka samu hanya, in ta bambanta ka koma ka bi diddigin inda suka saɓa, galibi a nan matsalar take, ko ruwa ya cinye wani wuri ko an daina bin wani ɓangaren saboda ɓarayi.

Bayan haka ka ɗauki ɗan jagora. Ko Azel za ka ban ce dole ba, amma daga Dabaga zuwa sama ka ɗauka. Agadas cike take da Buzaye da suka yi shekaru suna kai masu yawon buɗe ido kafin harkar ta mutu, sun san kowane dutse da sunansa, kuma mutanen daji sun san su wanda wannan shi kansa kariya ne. Ka nema ta hannun mai masaukinka ko kamfanin yawon buɗe ido mai rajista, ka ga katinsa, ka kai sunansa wajen jandarmomi tare da naka. Wanda ya tare ka a titi yana cewa shi ya san ko'ina, a'a.

Hattara: tawayen 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi a wasu sassan Abzin. An yi aikin kwashewa amma ƙa'idar ba ta canza ba, ka bi sawun da motoci ke bi yanzu, in ɗan jagora ya ce kar a ratse nan to kar a ratse, ba sai ya ba ka dalili ba.

5. Sai ka tabbatar a waya

Yanzu ne taswira za ta yi amfani. Tun kana gari da intanet ka sauke taswirar Nijar gaba ɗaya a OsmAnd ko Organic Maps ko Maps.me don suna aiki ba sabis. Google Maps a daji ba ta da tabbas, za ta nuna maka fili fari ko ta zana maka hanya inda babu. Ka buɗe Google Earth ka bi hanyar da aka kwatanta maka da ido, sawun mota yana fitowa kamar siririn zare, yashin kori fari, duwatsu baƙaƙe, ka sa alama a wurin sauka daga kwalta da kowace mararraba da rijiya da ƙauye, ka kwafe lambobin wuraren a takarda ma saboda waya tana mutuwa in rana ta dake ta a kan dashbod. A manhajar Wikiloc wani lokaci ana samun sawun da wasu matafiya suka ɗora, ka duba shekarar da aka ɗora, na shekara goma baya ka ɗauke shi a matsayin labari kawai don kori yana canza hanya duk damina.

Da kun tashi ka kunna rikodin sawu a manhajar tun daga ƙofar masauki. Wannan layin da take zanawa shi ne zai dawo da kai in komai ya rikice.

Hattara: sawu sabo mai yawa ba yana nufin hanyarka ba ce. Masu haƙar zinariya da 'yan fasa-ƙwauri sun cika daji da sawu, ka bi wani ya kai ka inda ba a son baƙo.

6. Shirya mota da kaya

Mota biyu ake fita da su, wannan ba na sassautawa a kai in an wuce Dabaga. Kowacce ta zama kat-kat mai giyar taimako da ke aiki, ka gwada 4H da 4L ɗin a gari ka ji sun shiga, yawancin motocin birni an shekara ba a taɓa su ba. Ka kai wa bakanike ya duba lagireto da robobinsa da fambel da baturi da filtar iska da ta mai da birki.

Kayan da za ka ɗauka: safaya biyu in hanyar duwatsu ce, jak da guntun katako mai faɗi da za a ɗora shi a kai don a yashi nutsewa yake, famfon iska mai aiki da baturi da ma'aunin iska, kayan faci, shebur, faranti biyu na ƙarfe da ake sa wa ƙarƙashin taya, igiyar jan mota mai ƙarfi, fambel na ajiya, man inji, waya ta ɗauri, tocila, akwatin magani. Ruwa kuwa lita 5 ga kowane mutum na sha, sai ka ninka sau uku don kana lissafin in kun kwana biyu ba ku shirya ba, sannan jarka guda ta lita 20 daban ta mota. Ka raba ruwan a jarkoki da yawa, in ɗaya ta fashe ba a rasa duka ba. Dabino, ƙuli-ƙuli, biredi, ganyen shayi da sukari, rawani ko hirami na rufe fuska. In kuna da Thuraya, wayar tauraron ɗan adam, ya yi kyau amma ku faɗa wa jandarmomi kuna ɗauke da ita.

7. Lissafin mai da kuɗi

Ka lissafa nisan zuwa da dawowa, ka ɗauka motar za ta sha kamar lita 15 a kilomita 100 a hanya mai ƙarfi, a yashi mai laushi kuma tana iya kusan ninkawa, sannan ka ƙara rabin abin da ka samu a kai. Misali Dabus, zuwa da dawowa da 'yan ratse-ratse ka ce kilomita 260, wajen lita 40 ke nan, da ƙari lita 60. A farashin da gwamnatin Nijar ta sa a Yulin 2024 gazuwal, wato dizal, sefa 618 ne lita, fetur 499, to lita 60 na gazuwal ya kama wajen jika 37, wato sefa dubu 37, a mota ɗaya. Ka tambayi farashin ranar, kuma ka cika tanki tun jajibiri don an sha ƙarancin mai a 2025 har layi ya yi tsawo. In dole ta sa ka sayi na bumburutu ka tace da ƙyalle.

Sauran kuɗin ciniki ne: ladan ɗan jagora na yini, hayar mota ta biyu da direbanta in ba ku da ita, abincin kowa, ɗan abin da ake ba masu gadin wuri irin Dabus, in da rakiya kuma galibi mai da abincinsu a wuyanka yake. Ku gama magana kafin a tashi, mai yana cikin kuɗin haya ko babu, in taya ta fashe wa zai biya, in an kwana a hanya nawa ne ƙarin. Ka riƙe kuɗi a hannu ƙanana, a daji ba mai canji.

8. Ranar tafiya

Ku tashi bayan sallar asuba. Yashi da safe yana da sanyi da ɗan danshi ya fi ɗaukar mota, da azahar kuwa ya saki. Ka bar wa mutum ɗaya a gari takarda mai ɗauke da hanyarku da lambobin motoci da lokacin da in ba ku dawo ba zai je ya sanar, ka ce masa ƙarfe 7 na yamma misali, ba "in dare ya yi" ba. Ku kuma ku sa wa kanku lokacin juyawa, ƙarfe 1 na rana ko da ba ku kai ba ku juyo, haka ma in kashi ɗaya cikin uku na manku ya tafi.

Inda za ku sauka daga kwalta ku tsaya ku rage iskar taya. A kwalta yawanci tana kan bar 2.2 zuwa 2.5 a ma'aunin iska, a hanyar tsakuwa da duwatsu ku sauke zuwa wajen 1.8, a yashi mai laushi 1.2 ko 1.0, da ma'auni ba da ido ba, tayoyi huɗun duka daidai. Motar ɗan jagora a gaba, ta baya ta bar tazara har ƙura ta lafa amma kar ta ɓace daga madubi, duk mararraba na gaba ya jira na baya.

Hattara: da taya mai ƙarancin iska kar ka wuce kilomita 40 zuwa 50 a awa kuma kar ka murɗa sitiyari da ƙarfi, tayar za ta fita daga bakin ƙarfenta. Da kun fito yashi kun shiga duwatsu ku ƙara iska, in ba haka ba dutse zai yanka gefen taya, wannan kuma faci ba ya kama shi.

9. Tuƙi a yashi da kori

Ka sa taimako kafin ka shiga yashin ba bayan ka kafe ba. Giya ta biyu ko ta uku, totur daidai ba ƙari ba ragi, kar ka canza giya a tsakiyar wuri mai laushi don da ka taka kuloci motar ta zauna. In za ka tsaya ka ɗaga ƙafa kawai ta tsaya da kanta, birki yana tara yashi a gaban taya. Ka nemi wuri mai ƙarfi ko mai ɗan gangara ka tsaya a kai. Tudun rairayi a miƙe ake hawa a miƙe ake sauka, in ka bi ta gefe mota kifewa take, in ta kasa hawa ka sa ribas ka sauko a kan sawunka kar ka ce za ka juya, kuma duk tudun da ba ka ga bayansa ba ka sauka ka taka da ƙafa ka leƙa tukunna.

Kori kuwa ka tsallaka ka wuce, ba wurin shimfiɗa tabarma ba ne in akwai hadari ko da nesa ne a kan duwatsu. In ka tarar yana gudu da ruwa ka jira, sau da yawa 'yan awoyi ne ya janye.

10. In mota ta kafe ko ta lalace

Da ka ji taya na juyawa mota ba ta gaba ka ɗaga ƙafa nan take, duk ƙarin totur ƙarin rami ne har cikin motar ya kwanta a ƙasa. Kowa ya sauka. Ka gwada ribas a hankali da 4L. In ta ƙi, ku haƙe yashin gaban tayoyi huɗun da na ƙarƙashin mota, ku ƙara rage iska zuwa 0.8, ku cusa farantan ƙarfen a ƙarƙashin taya, sitiyari a miƙe, a tura, direba kuma kar ya tsaya sai ya kai wuri mai ƙarfi, a ɗauko masa farantan daga baya. In da mota za a ja, a ɗaura igiya a ƙugiyar da ke jikin shasi, ba a bamba ba ba kuma a dunƙulen jan tirela ba, kowa ya matsa nesa don in ta tsinke tana iya kashe mutum.

In allurar zafi ta hau ka kashe AC, ka juya gaban motar wajen iska ka buɗe bonet, kar ka buɗe murfin lagireto sai ya huce.

Hattara: in motar ta mutu gaba ɗaya kar kowa ya kama hanya a ƙafa da rana yana neman taimako. Ku yi inuwa, ku zauna jikin mota, ku sha ruwa kaɗan-kaɗan, mota ake hangowa ba mutum ba, kuma wanda kuka bari a gari ya san hanyarku. A Oktoban 2013 mutum 92, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace, Allah ya jiƙansu.

11. Mutanen da za ku tarar

Inda kake yawon shaƙatawa gidan wasu ne. Ka rage gudu in ka zo rijiya ko ruga ko garken raƙuma, kar ka bi ta cikin lambu, ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto musamman mata. In an kira ku shayi ku zauna, ku ma ku bar musu sukari da ganye. A Dabus kar a taka zanen kar a zuba masa ruwa don hoto ya fito kar a rubuta suna a dutse, kuma duwatsun kibiya na mutanen da da ƙasusuwan da suka zama dutse da ake tsinta wajen Tigidit da Ingal a bar su inda suke, fita da su laifi ne a boda. Leda da gwangwani ku dawo da abinku, awaki na cin leda su mutu.

12. Dawowa

A bakin kwalta ku tsaya ku mayar da iskar taya yadda take ku cire taimako, mutane suna mantawa da wannan don gajiya sai taya ta yi zafi ta fashe a guje. Ku shigo gari kafin magariba, tuƙin dare a hanyar Arlit da ramukanta da raƙuma a kan titi ba abin yi ba ne. Ka kira wanda ka bar wa takarda, ka leƙa wajen jandarmomi ka ce kun dawo. Washegari a kaɗe filtar iska, a duba gefen tayoyi da ƙarƙashin mota ko wani abu na ɗiga. Sawun da wayarka ta zana ka adana shi da kwanan wata da awannin da kowane ɓangare ya ci da lita nawa motar ta sha, da shi za ka yi lissafin tafiya ta gaba, kuma in za ka tura wa wani ka haɗa masa da lambar ɗan jagoran.